Layin gida da layin baƙunta: abin da za ka yi da wayarka kafin ka bar Damagaram

Duk lokacin da wani zai yi tafiya daga fadarmu ta Zango, ko ɗalibi ne da ya samu gurbin karatu a Aljeriya, ko ɗan kasuwa mai zuwa sari Dubai, ko dattijon da Allah ya kira Umara, tambaya ɗaya ce ake kawo mini a kan tabarmar shayi: «Malam, pus ɗina zai yi aiki can?» Nakan ce zai yi, amma aikin da zai yi maka ba shi ne wanda kake zato ba. Layin da ka saba da shi a nan, idan ya tsallaka iyaka, baƙo ne kamar kai, kuma kusan komai ya taɓa sai an caje shi kuɗin baƙo.

Ni da kaina na fara biyan kuɗin wannan karatu. Tafiyata ta farko zuwa Jidda, na loda kiredi na jaka goma a layina, ina ganin na yi shiri. Muna sauka na kunna waya don in shaida wa gida mun iso lafiya. Ashe rukunonin WhatsApp sun tara mini kaya tun muna sama: wa'azi, bidiyon biki, hotunan barka da Juma'a, muryoyin gaisuwa na minti biyar-biyar. Waya ta shiga sauke su da kanta. Kafin jakata ta fito, kiredi ya ƙare ƙaf, ban kira kowa ba. Ranar da aron wayar wani bawan Allah ɗan Maraɗi na gaida mahaifiyata.

Abin da ya faru shi ake kira romin. Kamfaninka na Nijar, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, ba shi da ƙarfen rezo a wata ƙasa. Sai ya jingina ka ga kamfanin can, na can ya rubuta masa bashi, shi kuma ya cire daga aljihunka da ribarsa. Forfe ɗin da ka saya a Damagaram, wato ƙunshin data ko na kira, galibi ba ya tsallaka iyaka tare da kai. Mega ɗinka suna nan kwance a gida, can kuwa daga kiredi ake yanka kai tsaye. Ko sunan kamfanin ɗaya ne, kamar Airtel da ke Nijar da Najeriya duka, kada ka ɗauka asusun ɗaya ne. Saboda haka abu na farko, tun kana cikin mota ko kafin jirgi ya tashi, shiga saitin waya ka kashe wurin da aka rubuta «itinérance des données» idan wayarka da Faransanci take. Wannan data kaɗai yake rufewa. Saƙon SMS zai ci gaba da shigowa, kuma a mafi yawan lokuta karɓarsa kyauta ne. Amsa kira kuwa yana iya cin kuɗi, don haka idan ka ga lambar gida tana kira, ka bari ta tsinke ka bi ta WhatsApp.

Masu bin hanyar Kano ta Matamaye da Ɗan Barto, ko ta Magariya, ku kula da wani abu: waya ba ta san shingen jami'ai ba, rezon da ya fi ƙarfi take kamawa. Kana iya zama a ƙasar Nijar amma wayarka ta riga ta shiga Najeriya. Mutanen bakin iyaka sun san maganin abin, suna zaɓar rezo da hannu maimakon su bar waya ta zaɓa.

To, idan layin gida tsada gare shi a waje, me ya sa ba za a jefar da shi ba? A nan ne na fi ganin sababbin zuwa suna yin asara, asarar da ta fi ta kiredi ciwo. Wannan lamba mai +227 ita ce adireshinka. A kanta WhatsApp ɗinka yake, ita banki ya sani, ita ke karɓar lambar sirri in za ka shiga Facebook daga sabuwar waya, a kanta asusunka na Airtel Money ko Moov Money yake, ita ce kuma ka bayar a wurin masu aiken kuɗi irin su Nita da Amana. Layin da ya yi watanni ba kira ba lodi, kamfani yana rufe shi, daga baya ya sayar wa wani da lambar. Ka yi tunani: kana Istanbul, wayarka ta faɗi ta fashe, ka sayi wata, WhatsApp ya ce ya tura lambar tabbatarwa, ta tafi hannun wani mutum a Tanut da ba ka taɓa gani ba.

Don haka kafin ka ɗaure kaya, ka ba ofishin kamfaninka sa'a guda. Ka je da katin shaidarka, ka tabbatar layin da sunanka yake. Da yawa cikinmu a bakin hanya muka sayi pus tuntuni, ko wani yaya ya yi mana rajista da katinsa, ba mu taɓa damuwa ba sai ranar da ya ɓata. Ka tambaye su ko romin a buɗe yake a layinka, nawa ne kira da amsawa a ƙasar da za ka, kuma wata nawa layi ke yi ba a taɓa shi ba kafin a rufe. Idan suna da forfe na musamman na matafiya, kamar yadda sukan fitar lokacin aikin Hajji, ka ji farashinsa ka kwatanta. Matambayi ba ya ɓata.

Wasu sukan bar pus ɗin a gida wurin ƙane ko mata, a riƙa loda masa ɗari biyu lokaci-lokaci. Dabara ce mai kyau ga wanda zai shekara, amma da sharaɗi. Wanda ke riƙe da pus ɗinka yana riƙe da makullin asusunka duka. Ba zargi nake yi ba. Yaro yana iya karanta wa ɗan damfara lamba shida a waya ba tare da ya san abin da ya bayar ba. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka zaɓi lambar sirri da kai kaɗai ka sani. Ni dai in tafiyar ba ta wuce wata uku ba, da abina nake tafiya, tunda kusan duk wayoyinmu, Tecno ne ko itel ko Infinix, ɗakin pus biyu gare su. Layin Nijar ya zauna a ɗaki ɗaya yana karɓar saƙo, layin baƙunta ya shiga ɗayan ya ɗauki nauyin data. Kuma kada ka ji tsoro: canza pus ba ya canza lambar WhatsApp. Za ta zauna a +227 muddin ba ka goge manhajar ba, ba ka kuma taɓa wurin sauya lamba ba.

Sayen layi a can ya danganta da inda ka sauka. A Saudiyya manyan kamfanoni uku ne, STC da Mobily da Zain, suna da rumfuna a filin jirgin Jidda da na Madina da kuma kewayen Harami. Da fasfo ake saye, a ɗauki zanen yatsa. A nan zan ja kunne sosai, musamman ga iyayenmu: kada ka ba kowa yatsarka a wajen rumfar kamfani, kada ka yarda a fitar da layi biyu ko uku da sunanka don «taimakon wani». Duk abin da aka aikata da layin, kai za a nema. Kada kuma ka sayi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan da ba ka sani ba don ya fi sauƙi. Araha ba ta ado. Alhaji na yanzu yana buƙatar data, domin izinin ziyarar Rauda ma ta manhajar Nusuk ake samu. A ranakun Mina da Arafa kuwa, ko wane layi kake da shi, jama'a sun yi wa rezo yawa, saƙo yakan yi jinkiri. A faɗa wa mutanen gida tun da wuri, kada shirun rana ɗaya ya tayar musu da hankali.

A Najeriya, tun watan Disamba na 2020 aka ɗaure layin waya da lambar shaidar zama ɗan ƙasa da suke kira NIN, saboda haka baƙo ya je babban ofishin kamfani da takardunsa, ya bar masu lema na bakin kasuwa. A Aljeriya akwai Mobilis da Djezzy da Ooredoo, a Maroko akwai Maroc Telecom da Orange da Inwi, duka fasfo za su nema. Wanne ya fi? Ka tambayi ɗalibai ko 'yan kasuwar da suka riga ka zama a unguwar, ba a garin kawai ba. Layin da ke gudu a tsakiyar birni yana iya zama gurgu a ɗakin da za ka kwana.

Faransa tana da nata tsari. Sabon zuwa da bai buɗe asusun banki ba yana iya sayen layin biya-kafin-amfani irin na Lebara ko Lycamobile a shagunan taba, ya riƙe shi na makonnin farko. In asusu ya samu, sai ya koma forfe na wata, amma ya nemi wanda aka rubuta «sans engagement», wato wanda ba a ɗaure ka da alƙawarin shekara ɗaya ko biyu ba. Kamfanin Free yana da na Yuro 2, kusan sefa 1,300 ke nan, sai dai datarsa 'yar kaɗan ce, ba ta ɗaukar mai kiran gida ta bidiyo. Abin daɗin shi ne tun 15 ga Yuni 2017 ƙasashen Tarayyar Turai suka soke ƙarin kuɗin romin a tsakaninsu, layin Faransa yana aiki a Beljiyam da Jamus da Italiya. Ingila ta fita daga tarayyar, Suwizalan kuwa ba ta taɓa shiga ba. Kafin ka je waɗannan biyun, ka duba.

Wurare uku suna da tarkon da ya kamata a sani tun daga gida. A Turkiyya, wayar da aka shigo da ita daga waje tana aiki da layin ƙasar na kwana 120 ne kawai, daga nan a toshe ta sai an biya haraji, harajin kuma ya fi kuɗin yawancin wayoyin da muke riƙewa. Ɗan sari na mako biyu ba ruwansa, amma ɗalibi gara ya yi lissafin sayen waya a can. A Dubai, rubutu da saƙon murya suna tafiya a WhatsApp, amma kira ba ya shiga, an toshe shi. A ƙasar Sin kuwa WhatsApp da Facebook da Google duka a rufe suke ga layin ƙasar, WeChat ake harka da shi. Can ne kaɗai nake cewa layin waje ya fi na gari amfani ga mai neman gida, domin datar romin tana bi ta ƙasar da layin ya fito, ba ta faɗa cikin toshewar.

Wannan ya kawo mu kan eSIM da matasa ke ta tambaya. Layi ne marar ƙwaya, ta intanet ake saye a wurin kamfanoni irin su Airalo ko Holafly, a ɗauki hoton wata alama ya shiga waya, kana sauka ka kunna. Ga ɗan kasuwar da zai ratsa ƙasa uku cikin kwana goma, abu ne mai kyau. Amma galibi sai da katin banki irin na Visa ko Mastercard, yawancinsu data kawai suke bayarwa ba lambar kira, kuma ba kowace waya ke ɗauka ba. iPhone daga XS zuwa sama suna ɗauka, manyan Samsung daga S20 ma haka, yawancin wayoyin kasuwar Dole ta nan Damagaram kuwa ba sa yi. Ka danna *#06#. Idan ka ga wata doguwar lamba da aka rubuta EID a gefenta, wayarka tana ɗauka. Ga mai zaman watanni, layin gari ya fi shi araha. Idan kuma wayarka 'yar gwanjon Turai ce ko Amurka, ka kai wa mai gyara ya gwada ta da pus na kamfani biyu, domin wasu a kulle suke zuwa.

Game da yawan data, kada ka sayi babban forfe ranar farko. Ka ɗauki na mako ɗaya ka ga yadda kake ci. Kiran murya ba ya cin komai idan aka kwatanta da bidiyo, TikTok da YouTube su ne kuraye. Ka kashe saukar hoto da bidiyo ta kai tsaye a WhatsApp, ka sauke taswirar garin da za ka a Google Maps tun kana gida, manyan abubuwa ka jira wifi na masauki ko na jami'a. Harkar banki dai ban yarda a yi ta a wifi na filin jirgi ba.

Masu bin hanyar arewa, ta Agadas zuwa Tamanrasat ko ta Dirku zuwa Libiya, nasu lissafin daban ne. Da an bar gari rezo ya ɗauke, ba layin da zai cece ka a tsakiyar rairayi, shi ya sa direbobin hanyar ke riƙe Thuraya, wayar tauraron ɗan'adam. Ka cika batir, ka yi sallama da gida a garin ƙarshe, ka faɗa musu kwana nawa za su iya yi ba su ji ka ba.

Bara da gwaggota za ta tafi Umara, ba ta karatun boko, na zauna na gyara duk lambobin da ke wayarta na sa musu +227 a gaba, domin in ba haka ba daga can ba sa shiga. Na rubuta lamba uku a takarda da manyan baƙaƙe, tawa da ta babban ɗanta da ta jagoran tawagarsu, na sa a leda na cusa cikin jakar fasfo. Tsohon pus kuma na bar shi cikin waya, datarsa a kashe. Ta ce, «Kai yaro, duk wannan don waya?» Na ce, «Gwaggo, in kin sauka ki miƙa wa jagora, ki ce ya sa miki na can a ɗaki na biyu, kada ya cire na farko.»