Yadda za ka haɗa ƙungiyar abokan sana'a da kanka

Kar ka fara da buɗe guruf a WhatsApp ka zuba duk lambobin da ke wayarka, nan mutane da yawa suke faɗuwa. Satin farko ana ta barka da zuwa, na biyu wani ya fara turo tallar kayansa, kafin wata ya cika kowa ya kashe ƙarar guruf ɗin sai kai kaɗai kana ta sallama babu mai amsawa. Guruf ɗaya na iya ɗaukar mutum 1024, amma ai wannan iyakar manhaja ce, ba yawan mutanen da za su san juna har su amince da juna ba.

Ka nemo mutum biyar zuwa takwas, sun isa. Rotary, ƙungiyar nan ta masu sana'o'i da ta cika duniya, da mutum huɗu ta fara a birnin Shikago na Amurka a 1905, wani lauya Paul Harris da tela da dillalin kwal da injiniyan ma'adinai, suna haɗuwa yau a ofishin wannan gobe a na wancan, daga wannan zagayen ma sunan ya samo asali, don ma'anarsa da Turanci ke nan.

Sai ka yanke shawara tun da wuri, 'yan sana'a ɗaya kake so ko gauraye? In sana'a ɗaya ce, a ce akantoci zalla ko masu ɗaukar hoto, ribar ita ce koyon aiki da jin inda ake neman ma'aikata, amma fa za su riƙa ɓoye wa juna kwastoma kuma ba laifinsu ba ne. In gauraye ne ka ɗauki dabarar BNI, wata ƙungiyar 'yan kasuwa masu haɗa juna da kwastomomi, wadda Ivan Misner ya kafa a Amurka a 1985: a kowane reshe kujera ɗaya ce ga kowace sana'a, lauya ɗaya, mai gini ɗaya, mai inshora ɗaya, to tunda babu kishi duk wanda ya ji ana neman lauya ya san wanda zai kira. Ni dai na fi son gaurayen, ya fi saurin kawo aiki.

Wajen gayyata kuma ka yi hankali da cika wurin da aminanka. Akwai wani masanin zamantakewa, Mark Granovetter, da ya nuna a 1973 cewa masu samun aiki ta hanyar mutane sun fi samu ta wajen wanda suka sani sama-sama, ba aminai na kusa ba. Dalilin a fili yake, amininka abin da ka ji shi ma ya ji, wanda ka sani shi ma ya sani. Don haka ka ce kowa ya zo da mutum ɗaya da sauran ba su sani ba, amma wanda zai iya tsaya masa.

Rana kuma a tsayar da ita, misali Asabar ta farkon kowane wata ƙarfe kaza, kar a riƙa tambayar "yaushe kowa ke da lokaci" don wallahi ba za a taɓa samun wannan ranar ba. A fara kan lokaci ko da mutum uku ne suka iso, a tashi cikin awa ɗaya da rabi. In a intanet za a yi, a kunna kamara.

Zaman kansa shi ne inda aikin yake. Kowa minti ɗaya ya faɗi abin da yake yi da abin da yake nema, kuma a nan sai ka ɗan matsa musu, domin mutum zai ce "ina neman kwastomomi" ya yi shiru, wannan ba ya taimakon kowa. Ya ce ina neman wanda ya san mai sayen kaya a kamfani kaza, ko ina neman wanda ya taɓa rubuta takardar neman kwangila ya duba min tawa, nan take za ka ga wani ya ɗaga kai ya ce ai na san wani. Bayan haka mutum ɗaya ya samu minti goma ya buɗe wata matsala ta aikinsa a tattauna, wata mai zuwa wani. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, ya yi irin wannan tun 1727 a Filadelfiya da ƙungiyarsa ta Junto, suna haɗuwa duk daren Juma'a da jerin tambayoyi, ciki har da ko akwai wani sabon shiga sana'a da ya cancanci a tallafa masa. Wannan tambayar ka are ta kawai.

Dokoki kar su wuce uku ko huɗu. Babu talla sai a minti ɗayanka. Wanda ya yi fashi sau uku a jere ba uzuri, a ba wani kujerarsa. Wanda aka haɗa shi da kwastoma ya ɓata aiki, a kira shi gefe a yi magana, don sunan wanda ya haɗa shi ne ya zube. Maganar kuɗin ƙungiya ka jinkirta ta har sai an ga buƙata, in an fara tarawa kuma kar ya zauna a hannunka, a naɗa ma'aji ya riƙa karanto lissafi a gaban kowa.

Wajen wata na uku ko na huɗu zuwan zai ragu, haka abin yake, kar ka karaya ka fara jido sababbin mutane don a cika ɗaki. Ka buɗe ɗan littafi tun ranar farko kana rubuta wa aka haɗa da wa da abin da ya fito, ranar da zama ya yi sanyi ka karanto musu. Sannan ka raba aiki, wani ya riƙa tunatarwa, wani ya riƙe lokaci, wani ya jagoranci zaman da ba ka nan. Guruf ɗin WhatsApp kuma yanzu za ka iya buɗe shi, na waɗanda ke zuwa zama kaɗai.