Musun jirgin ƙasa a majalisa: inda muke kwafsawa

Jama'a, masu son hirar jirgin ƙasa a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, nan Ghana, mun yi yawa yanzu, amma wallahi da wuya a tashi ba a ɓata ba. Abin haushin ma sau da yawa duk su biyun gaskiya suke faɗi, kawai kowa da layin da yake nufi.

Ɗauki shekarar da jirgi ya shigo Kumasi. Wannan ya ce 1903, wancan ya ce ƙarya ne 1923, sai ka ji "kai me ka sani", an fara kenan. To layin da aka fara daga Sekondi a 1898, wanda ya bi ta Tarkwa da Obuasi saboda zinariya, shi ne ya iso a 1903, na Accra kuwa sai 1923 aka haɗa shi. Kafin ka ƙaryata mutum ka ce masa "yaya, wane layin kake nufi?" Rabin faɗan ya mutu a nan.

Sai masu ilimin da ba su iya bayar da shi ba. Yaro ya ga hoton sabon jirgin Tema zuwa Mpakadan a waya, ya ce me ya hana a kawo mana shi Adum, tsakiyar Kumasi, sai a kwashe masa da dariya har ya daina zuwa. Haba. Tambayarsa fa mai kyau ce. Gaya masa tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuma 1,435, ƙafafun jirgin ba za su zauna a kai ba, kamar ƙaton mutum ne da takalmin yaro. Kai ma ba da wannan sanin aka haife ka ba.

Babbar matsalar dai siyasa ce, nan ne ake zubar da mutunci. Ana maganar tarago da inji, kafin ka ƙifta ido an koma jam'iyyun NPP da NDC, wannan ya ce mu muka gina wancan ya ce mu muka nemo kuɗin, murya ta tashi har mai ataya ya ajiye buta yana kallo. Alhali layin Tema zuwa Mpakadan ɗin, an amince da bashin bankin Exim na Indiya a 2016 zamanin Mahama na NDC, aka yi ginin zamanin Akufo-Addo na NPP, aka buɗe a Nuwamban 2024, layi mai kusan kilomita 97. Faɗi hakan gaba ɗaya, kar ka yanko rabin da ya yi maka daɗi. Kuma don mutum ya ce aikin ya ja lokaci, ba shi ne ya zama ɗan wata jam'iyya ba, ka amsa maganarsa ka bar laƙaba masa suna. Haka hatsarin Afrilun 2024 lokacin gwajin jirgin da aka kawo daga Poland, har yau wasu gori suke yi da shi, alhali mota ce aka bari a kan dogo.

Dattawan da suka yi aikin reluwe kuma a bi su a hankali. Baba zai iya haɗa shekara da shekara, amma shi ya san ƙarar inji in ya hau tudu da kayan manganis daga Nsuta, abin da babu shi a wayarka. Kar ka tura masa waya a fuska gaban yara. Ka ce "Baba, ni na ji wai kaza ne, ko dai wani layin ne?" yawanci da kansa zai gyara, har ya ƙara maka labarin da ba ka tambaya ba.

In kuma an riga an yi zafi, kar kowa ya ce sai an yanke hukunci a take. Babba a wurin ya sako wata magana, ko da ta 'yan galamse ce, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ke haƙe ƙarƙashin dogon yamma, wato na Sekondi, wannan kam kowa bakinsa ɗaya. Bayan sallar isha'i sai a ja su biyun gefe, su kaɗai.