Yadda za ka auna tsoffin mawaƙan Iron Maiden da na yanzu ba tare da ka zalunci kowa ba

Sana'ata haɗa sauti. Ina da ɗan sutudiyo a Yelwa, nan Bauchi, inda nake ɗaukar waƙoƙin biki da na siyasa da tallar 'yan kasuwa. Cikin samarin da ke leƙo ni akwai 'yan jami'a masu jin kiɗan metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarar gita da ganga. Ba su da yawa, amma in suka fara musu sai kiran sallah ke raba su, kuma musun ba ya wuce ɗaya: a ƙungiyar kiɗan Iron Maiden, tsohon mawaƙi ne ya fi ko na yanzu? Abin da na lura da shi, yawancinsu ba murya suke aunawa ba. Wani yana auna faifai ne, wani kuma wanda ya fara ji yana yaro yake karewa. In kana son ka yi awon gaskiya, ga yadda nake bi.

Da farko ka san su wa ke kan ma'auni. Steve Harris, mai kaɗa bes, wato gita mai kaurin sauti, shi ya kafa ƙungiyar a gabashin Landan a 1975, kuma mawaƙa uku ne suka yi faifai da ita. Paul Di'Anno ya rera biyun farko, na 1980 da Killers na 1981. Bruce Dickinson ya karɓa a 1981, ya tafi a 1993. Blaze Bayley ya riƙe daga 1994 zuwa 1999, shi ma faifai biyu, daga nan Dickinson ya dawo, shi ne har yau. Saboda haka duk wanda ya ce maka "tsohon ya fi", tambaye shi wane tsohon. Da yawa a nan suke fara inda-inda.

Babban aikin shi ne ka nemo wurin da murya kaɗai ta canja, komai yana nan yadda yake. A wannan ƙungiya an yi sa'a, akwai irin wannan wuri. Ka ɗauki Killers ka ajiye shi kusa da The Number of the Beast na 1982. Harris ne a bes a duka biyun, Dave Murray da Adrian Smith a gita, Clive Burr a ganga, kuma Martin Birch ne ya haɗa sautin duka biyun. Shekara ɗaya ce tsakani. Duk bambancin da kunnenka ya kama a nan, mafi yawansa daga maƙogwaron mawaƙi ya fito, da kuma irin waƙar da aka samu damar tsarawa saboda wannan maƙogwaron. Kada ka kawo faifan 1980 cikin wannan awo. Wani ne daban ya haɗa shi, ɗaya daga masu gitar ma daban ne, sautin kuma siriri ne, Harris kansa bai taɓa ɓoye cewa bai ji daɗin haɗin ba.

Wanda aka fi zalunta a musun nan Blaze ne. Lokacin da ya shigo, Smith ya bar ƙungiyar tun 1990, Birch ya yi ritaya bayan faifan 1992, faifansa na farko, The X Factor na 1995, kuwa Harris ne da Nigel Green suka haɗa shi. Gitocin sun bushe, ba su da kauri. Ni da nake wuni gaban na'urar haɗa sauti na san abin da hakan ke yi wa mawaƙi: in kiɗan da ke bayansa bai cika ba, muryarsa sai ta tsaya tsirara, kowace 'yar tangarɗa a ji ta. Na sha ganin yaro mai murya mai kyau ya fito ba daɗi saboda kiɗan da aka shimfiɗa masa, na kuma ga mai muryar da ba ta kai ta kawo ba kiɗa ya rufa masa asiri. In ka sa faifan Blaze kusa da na 1982 ka ce ka auna mawaƙa, mai haɗa sauti ka auna.

To yaya za a yi da shi? Ka nemi waƙa ɗaya a baki biyu. Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: babban makaɗin fada ya rasu, ɗansa ko babban ɗan amshinsa ya gaje shi, ya tashi gaban sarki ya rera bakandamiyar marigayi, mutane su yi ta kallon juna suna jiran su ji ko zai kai inda tsohon yake kaiwa. A Iron Maiden ma akwai wannan. "Wrathchild" tana cikin Killers da muryar Di'Anno, tana kuma cikin Live After Death na 1985 da muryar Dickinson. "The Clansman" ta Blaze ce a Virtual XI na 1998, Dickinson kuma ya rera ta a bikin kiɗa na Rock in Rio, a Birazil, a 2001, tare da "Sign of the Cross", wadda ita ma ta zamanin Blaze ce. Sai dai ka tuna ɗaya a sutudiyo aka ɗauka, ɗaya a gaban dubban mutane ana gudu a dandamali. Na sutudiyo yana iya maimaita baiti har sai ya zauna. Na dandamali sau ɗaya ne, yana haki. In kana da data, ka hau YouTube ka nemo kowa a dandamali, awon ya fi daidaituwa.

Ka juya abin kuma. Akwai bidiyoyin Blaze yana rera "The Trooper" da sauran waƙoƙin zamanin Dickinson, kuma su samari suka fi ɗauka suna masa dariya. Gaskiya ne yana shan wahala a cikinsu, har an soke wasu wasanni a Amurka saboda matsalar muryarsa. Amma muryar mutumin a ƙasa take, mai kauri, waƙoƙin kuma an tsara su ne don mai hawa can sama. Abin da wannan ke nuna maka shi ne ba zai iya aikin Dickinson ba. Bai nuna maka bai iya waƙa ba.

Maganar kayan sauraro gajeriya ce. Kada ka yi awo da lasifikar waya, tana cinye bes, alhali sukuwar bes ɗin Harris ita ce ƙashin bayan kiɗan. Sa iyafis mai kyau, wanda ma ya fi maka kwanciyar hankali, don hoton dodon da ke bangon faifan da irin ƙarar da ke fita ba abin da za ka so ka tsaya yi wa dattijon unguwa bayani ba ne. Sannan ka daidaita ƙarar waƙoƙin biyu kafin ka fara. Kunne yana da son kai, duk wadda ta fi ƙara sai ya ce ta fi daɗi, kuma an sake gyara tsoffin faifan nan a 1998 da 2015, ƙararsu ba ɗaya ba ce.

Yanzu sai sauraron kansa. Kada ka bi waƙar gaba ɗaya, ka yanko baiti ɗaya da amshi ɗaya, ka ji na wannan, nan take ka ji na wancan. Ni wurin da nake kasa kunne shi ne ƙarshen layi. Di'Anno yana datse kalma ya tofar da ita, kamar yana jin haushin ta, muryar a shaƙe, tana tafiya tare da ganga. Dickinson yana riƙe wasalin ƙarshe ya ja shi, ya karkaɗa shi, ya hau da shi saman gitoci. Blaze yana zama a tsakiyar kiɗan, kuma ya fi kyau inda aka sassauta, kafin ganga ta shigo. Ka lura da inda kowa ke jan numfashi, da ko kana jin baƙaƙen kalmominsa in an yi sauri. Ba sai Turancinka ya kai ba, kunne na iya wannan.

Shekaru ma suna cikin lissafi. Di'Anno da Dickinson duk a 1958 aka haife su. In za ka ɗauki Di'Anno na 1981, to ka haɗa shi da Dickinson na 1982, ba na faifan Senjutsu na 2021 ba, wanda ya haura sittin kuma ya yi jinyar ciwon daji a harshe a 2015. Haka kuma rashin adalci ne ka ɗauko Di'Anno na ƙarshen rayuwarsa, yana waƙa a keken marasa lafiya kafin ya rasu a Oktoban 2024, ka ce ga shi nan.

Akwai masu kawo hujjar kasuwa, cewa faifan 1982 ya hau na ɗaya a Birtaniya, Virtual XI kuwa a na 16 ya tsaya. Haka ne, amma a 1998 kasuwar wannan kiɗa gaba ɗaya ta yi sanyi, ba ta Blaze kaɗai ba. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta rubutu: Harris ya rubuta mafi yawan waƙoƙin ƙungiyar, amma Dickinson shi kaɗai ya rubuta "Powerslave", ya kuma rubuta "Empire of the Clouds" mai minti 18. Wannan nauyi ne da sauran biyun ba su ɗauka ba.

In ka gama naka, ka nemi kunnen da bai san kowa ba. Akwai wani dattijo mai kalangu da ke zuwa mini in ana son kiɗan gargajiya a waƙar biki. Wata rana na sa masa iyafis na ce, "Baba, saurara mini mutanen nan uku." Ya ji na farko ya ce, "Wannan faɗa yake yi." Ya ji na biyu ya ce, "Wannan sanƙira ne, shela yake." Da na sa masa Blaze ya daɗe bai ce komai ba, yana taɓa gwiwa da yatsa, can ya ce, "Ɗana, wannan kuma ta'aziyya ya zo." Na tambaye shi wa ya fi, ya ce ya danganta da taron da aka kira su.

Nawa hukuncin dai ban ɓoye shi ba. Dickinson ne mawaƙin ƙungiyar, da shi ne Harris ya samu filin tsara dogayen waƙoƙin tarihi da yaƙi. Amma "Wrathchild" ta Di'Anno ce, a bakin Dickinson ta yi tsabta da yawa. "The Clansman" kuma na raba ta biyu: buɗewar nan mai sanyi na ba Blaze, daga inda ganga ta faso zuwa ƙarshe na ba Dickinson.