Sandar da ake ɗaurawa saman injin mota: tana gyara tuƙi da gaske, kuma yaya ake saka ta?

Idan ka buɗe bonet ɗin wasu motoci za ka ga wani ƙarfe ya ratsa ta saman injin, daga kan shokozoba ta dama zuwa kan ta hagu. Masu kayan gyara suna ce masa sitirot ba, kuma sukan ce yana sa mota ta kama titi a kwana. Sandar tana aiki, amma ga motar zuwa ofis da kasuwa aikin nata kaɗan ne, kuma ita ce ya kamata ta zo ƙarshe a jerin abin da za a kashe wa kuɗi.

Yawancin ƙananan motoci, irin su Corolla da Camry da Golf da Peugeot 307, ƙafarsu ta gaba tsarin MacPherson ce, wanda aka sa wa sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, aka kuma gan shi a Ford Consul ta 1950. A wannan tsari shokozoba da sifirin a haɗe suke, kuma su ne ƙashin da ke riƙe taya a tsaye. Ƙasansu yana kan mariƙin taya, samansu yana ɗaure a wani tudu na bodin mota a gefen injin. Waɗannan motoci ba su da shasi daban, bodin ne shasin. Saboda haka duk lokacin da aka sha kwana da gudu ko aka faɗa rami, ƙarfin yana dukan tudun nan kai tsaye, ya ɗan lanƙwasa shi, tayar ta karkata daga yadda aka saita ta. Sandar tana haɗa tudun biyu don su raba nauyin, kada ɗaya ya motsa shi kaɗai.

To nawa ne motsin? Daga boljoyin, gaɓar da ke ƙasan mariƙin taya, zuwa kan shokozoba akwai tazarar kusan milimita 600. Idan tudu ya gusa da milimita 1, karkatar taya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Kamfanonin mota kuwa sukan yarda da bambancin rabin digiri ko fiye a wurin alaimen, su ce lafiya lau. Bushin da ya mutu yana barin ƙafar mota ta yi wasa da milimita da yawa, roba mai laushi ta gefen taya ma tana lanƙwasa fiye da haka. Shi ya sa a tuƙin cikin gari da wuya direba ya ji wani bambanci. Inda ake ji shi ne a tsohuwar mota da bodinta ya saki, ko motar da aka sa wa sifirin mai tauri da taya mai faɗi, ko mota marar rufi. Abin da ake samu shi ne sitiyari ya ɗan fi saurin amsawa, ƙarar dashbod ta ragu a hanya mai gargada. Kwanciyar da mota ke yi gefe guda a kwana ba ta raguwa, domin wannan aikin sifirin ne da balans rod, sandar da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu ta ƙarƙashin mota.

Akwai motocin da ba su buƙatarta sosai. Honda Accord ta 1986 zuwa 2012 da Civic ta 1988 zuwa 2000 suna da hannu biyu a ƙafar gaba, na sama da na ƙasa, shokozobarsu ba ita ke saita tsayuwar taya ba. Hilux kuma shasinta daban ne da bodi. Motar da tudunta ke manne da bangon da ya raba injin da ɗakin direba ita ma tana da ƙarfinta tun daga kamfani.

Kafin ka sayi sanda, bi waɗannan da farko. Duba iskar taya da safe kafin mota ta yi tafiya, ka bi lambar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, wadda a yawancin ƙananan motoci take tsakanin 30 da 35. Masu faci da yawa sukan dura 45 ko 50, wannan kaɗai ya isa ya sa mota ta riƙa tsalle tana zamewa. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma tsohuwar roba ba ta kama kwalta ko da zanenta na nan. Sai shokozoba: in tana yoyon mai, ko mota ta ci gaba da lilo bayan an danna ta an saki, a canza su biyu tare. Sannan bushin, boljoyin, tayarod da linkeji, a rufe da alaimen. Mafi yawan motocin da ake kuka da su a kwana, a nan matsalarsu take ƙarewa.

Idan duk wannan ya yi daidai kuma kana son sandar, zaɓinta yana da muhimmanci. Nemi wadda aka yi wa ƙirar motarka da shekararta. Miƙaƙƙiya ta fi mai lanƙwasa, domin duk lanƙwasa wuri ne da ƙarfe zai ba da kai. Wadda aka yi wa walda da farantanta, wato ƙarafan da ke zama a kan tudun biyu, ta fi mai gaɓa da ke juyawa a kan kusa ɗaya, wadda ke barin tudu ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Mai ƙafa uku da ke kama bangon injin ta fi duka. Alminiyam taurinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, don haka siririyar sandar alminiyam mai ƙyalli ado ce kawai. In mai walda zai ƙera maka, a yi amfani da bututun ƙarfe mai faɗin milimita 25 zuwa 32 da kaurin milimita 2, faranti kuma milimita 4 ko 5. A yi waldar a kan benci, kada a yi ta a jikin mota.

Wajen ɗaurawa, a ajiye mota a daidaitaccen wuri, tayoyi huɗu a ƙasa, sitiyari a miƙe. Kada a sa jak. Nauyin motar ne ke riƙe shokozoba a mazauninta, in aka ɗaga ta aka kwance noti sai ƙafar ta zube. Goge saman tudun ka duba shi da kyau. In akwai tsaga ko tsatsa ta ci shi, ko alamar an taɓa miƙe shi bayan haɗari, tsaya nan a gyara tukuna, don sanda za ta ƙara yaga wurin ne.

Kwance ƙananan notin da ke kewaye da kan shokozoba, galibi uku ne, na sifana mai lamba 12 ko 13 ko 14. Babban notin tsakiya kada a taɓa shi, shi ke riƙe sifirin da ke danne. A motocin da ramukan kusoshinsu dogaye ne, a zana alama da fenti kafin a kwance, in ba haka ba alaimen ya tafi. Ɗora faranti, mayar da noti da hannu kawai, ka yi haka a ɗaya gefen, sannan ka haɗa sandar. Ya kamata kusoshi su shiga ba tare da guduma ko tilas ba. In mai zare ce da ake ƙara wa tsawo, juya ta har wasan ya ƙare ka tsaya. Masu ci gaba da murɗawa wai don ta yi ƙarfi suna tura tudun ne waje, taya ta fara cin gefe ɗaya.

Ɗaure notin da sifana mai awo bisa littafin motar. Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana son Nm 39 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), siraran kusoshi na milimita 8 kuwa wajen 20 zuwa 25 suke ɗauka, kuma suna karyewa da sauri a hannun mai ƙarfi. Bayan ɗauri, a ga aƙalla zare biyu sun leƙo saman noti. In kaurin faranti ya cinye zaren, sai an sa dogayen kusoshi. Golf 3 da Golf 4 ba su da waɗannan kusoshi uku, sai an huda tudun, kuma dole a shafa wa ramin fenti saboda tsatsa.

Kada a buga bonet da ƙarfi a karon farko. Manna ɗan curin yumɓu a kan sandar, sauke bonet a hankali, ka buɗe ka auna: a samu ratar milimita 10 ko fiye. Tsakanin sanda da injin a bar milimita 15 zuwa 20, domin injin yana girgiza a kan mazauninsa idan aka taka totur. Duba bututun AC, murfin man birki da kan batir mai jan waya, wanda in ya taɓa ƙarfen zai iya tada gobara. Bayan tafiyar kilomita 150 a sake bin notin duka.

Wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa: sandar da ke raba nauyin kwana ita ce kuma ke raba duka. In mota ta daki wani abu da gefe ɗaya, ko ta faɗa babban rami da gudu, ƙarfin yana iya tsallakawa ya lanƙwasa tudun da bai ji komai ba, gyaran gefe ɗaya ya koma na biyu. Wanda kullum hanyarsa ramuka ce ya riƙa buɗe bonet duk lokacin juyen mai, ya duba gindin farantan ko fenti ya fara tsagewa.