Yadda ake kunun doyar Sin, wato shan yao, ba tare da ƙaiƙayin hannu ba

Duk wadda na gani ta ce ta yafe doyar Sin, a wajen feraya ta yafe ta. Ta ɗauko ta kamar doyarmu ta gida, ta sa wuƙa, bayan minti biyu hannu ya kama ƙaiƙayi har gwiwar hannu, sai a zubar da kayan. Ni ma haka ta faru da ni a karon farko, na kwana ina susa. Shi ya sa zan daɗe a kan wannan matakin.

Sinawa na kiranta shan yao, 'yan kudu kamar na Guangzhou kuma huai shan. A likitancin gargajiyarsu ana lissafa ta cikin masu ƙarfafa saifa da huhu da ƙoda, kuma "saifa" a wurinsu na nufin duk aikin narkar da abinci. Don haka suke dafa wa mai yawan zawo, da wanda ya tashi daga jinya ba ya cin abinci, da tsofaffi. Tana cikin tsohon littafin magungunansu Shennong Bencao Jing da sunan shuyu, tana kuma cikin kayan haɗi shida na ƙwayar Liuwei Dihuang Wan da likita Qian Yi ya tsara a zamanin daular Song.

Fara da saye. Iri biyu za ki gani: mai kauri mai ruwa-ruwa, wadda ta fi dacewa da suya, da siririya doguwa kamar sanda mai gashi a jiki, wadda suke ce wa tiegun, wato sandar ƙarfe. Ita za ki saya. Mafi suna ta yankin Jiaozuo ce a lardin Henan. Ta fi tsada, amma tana da gari, kunu kuma gari yake so. Idan busasshiya mai yanka-yanka za ki saya, ko za ki ba ɗan kasuwa saƙo daga kasuwar magani ta Qingping a Guangzhou, ki kula da abu biyu. Wadda ta yi fari tas tana warin tsami, an yi mata hayaƙin farar wuta, ki bar ta. Sannan ana cakuɗa ta da busasshen rogo. Mu dai rogo ba baƙonmu ba ne: duba tsakiyar yankan, in kin ga jijiya ko ramin da aka zare ta, rogo ne.

Yanzu feraya. Ɓawonta da yauƙin da ke ƙarƙashinsa na ɗauke da wasu ƙananan allurai na gishirin oksalat, irin waɗanda ke sa gwaza ƙaiƙayi. Ruwan sanyi ba ya kashe ƙaiƙayin, susa kuma ƙara tura alluran cikin fata take yi. Mutane da yawa na sa safar hannu ta roba, amma doyar na da santsi, wuƙa na iya zamewa, yauƙin kuma ya kan taɓa wuyan hannu. Dokata ita ce kada a fere ta ɗanya. Ki wanke ƙasar jikinta da soso, kina riƙe da ita da leda. Ki datsa ta tsawon yatsa-yatsa da ɓawonta, ki jera a madambaci, ki turara minti 15 zuwa 20 har tsinke ya shige ta. Bari ta huce kaɗan, ɓawon zai saɓule da yatsa kamar na dafaffen dankali. Wannan hanya ta kuma raba ki da matsalar baƙin da doyar ke yi, domin ɗanyar da aka fere tana sauya launi nan da nan sai an tsoma ta cikin ruwa mai ɗan khal. In kuwa kin riga kin taɓa hannu ya fara, ki shafa khal, ko ki kara hannun kusa da wuta ya ji ɗumi sosai, sai ya lafa. Kada ki kai hannun ido.

Kunun kansa ba wuya. Rabin kofi na ƙaramin geron Sinawa mai ruwan ɗorawa, xiaomi, ko shinkafa in babu. Ruwa kofi shida. Sai ruwan ya tafasa ki zuba geron, ki rage wuta, ki bar murfi a ɗan buɗe. Ki jefa jajayen busassun hongzao guda biyar, 'yan uwan magarya ne amma sun fi girma da zaƙi, ki cire ƙwallon. Bayan minti 25 ki zuba turararriyar doyar kamar giram 200, ki murƙushe rabi da bayan ludayi don kunun ya yi kauri, ki ƙara minti 10. Ban yarda da sukari a ciki ba, hongzao ya isa.

Mai busasshiya ta jiƙa ta awa ɗaya ta zuba tare da geron tun farko. Giram 15 zuwa 30 a rana shi ne ma'aunin da kundin magungunan ƙasar Sin ya bayar. Kada ki sa doyarmu ki ce magani ɗaya ne, jinsinsu daban.

Ana sha da ɗumi da safe. Likitocin gargajiyar Sin na hana mai kumburin ciki da mai taurin bayan gida. Mai ciwon sukari ya lissafa ta cikin abinci mai sitaci. Yaro mai gudawa kuwa ruwan gishiri da sukari da asibiti ne a gaba, kunun ya biyo baya in ya fara karɓar abinci.