Yadda ake gane ko batir ne ya mutu ko altarnater ne ba ya caji

A Tawa, da zarar zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, za ka ga ana tura motoci da sassafe, mai mota kuma sai ya miƙe wurin mai batir. Dakata tukuna. In altarnater, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji na juyawa, ne ya daina caji, sabon batir ɗin ma kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon.

Fara da kunnenka. Murza makulli: in ka ji "kak-kak-kak" fitilun tablo suna dushewa, wuta ce ta yi ƙasa. In fitilu garau suke amma inji bai motsa ba, demarer, wato na'urar da ke tada inji, za ka tuhuma.

Ɗaga kapo ka dubi kawunan batir. Wannan farin gari mai kore-kore da ke taruwa kansu shi kaɗai ya isa ya hana mota tashi. Cire wayar (−) tukuna, sannan (+), ka wanke da ruwan zafi, ka goge, ka mayar da (+) kafin (−), ka ɗaure tam. In batir mai murfi ne, leƙa ciki, don zafinmu yana shanye ruwansa. Tataccen ruwan batir za ka ƙara, ban da na pampo, kuma ban da taba a baki.

Sai awo, nan ne gaskiya take. Sami miltimetir, wato na'urar awon wuta, ka sa shi a 20V na DC, jar wayarsa a (+), baƙar a (−). Motar da ta kwana a kashe, batir lafiyayye yakan ba da kusan volt 12.6. In 12.2 ne, rabin caji gare shi. Ƙasa da 12 kuwa ya sauka. Sa wani ya murza makulli kana kallo: in awon ya faɗi ƙasa da 9.6 alhali an cika batir da caji, to ya gaji.

Inji na juyawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Kunna fitilu da kilim ka sake dubawa. In ya tsaya a 12 da 'yan kai, altarnater ba ya aiki, amma kashe inji ka taɓa bel ɗinsa kafin ka yanke hukunci, don wanda ya saki yakan yi ƙara kuma ya rage caji. Sau da yawa sharbon, wato ɗan gawayin da ke cikin altarnater, ne kawai ya cinye, mai lantarkin mota zai canza shi da araha. In ya wuce 15, regilater, mai daidaita ƙarfin caji, ya lalace, yana dafa batir ne; za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Wasu a garaji sukan zare kan batir inji na aiki, wai in mota ta mutu to altarnater ne. Kar ka yarda a yi wa motarka haka, yana iya ƙona mata kwamfuta.

In duk awo ya yi daidai amma kullum safiya batir a sauke, wani abu ne ke shan wuta da dare. Fara bincike daga rediyon da aka ɗaura daga baya da fitilar but.