Yadda ake auna kyawun ilekturon ɗin da ke fitowa daga tsinin katod mai sanyi

Abin da ke yaudarar sabbin shiga lab shi ne da sun ga mita ta nuna karent da yawa sai murna, alhali yawa daban kyau daban. Shi wannan katod ɗin, wato abin da ilekturon ke fitowa daga jikinsa, ba ɗumama shi ake ba, tsinin allurar tongistin ne ko nanotub na kabon (wani siririn bututu da ido ba ya gani), ƙarfin boltej ne ke fizgo ilekturon daga bakinsa, a daidai tsinin kuwa ƙarfin yakan kai bolt 3 zuwa 7 a kowace nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na tsawon mita).

To ka fara da iska tukuna. Zuƙe iskar akwatin da katod ɗin ke ciki har matsin ya sauka wajen 10⁻¹⁰ tor (ma'aunin matsin iska), in ba haka ba gas zai dinga zama a kan tsinin karent yana rawa, ka yi ta zargin katod alhali shi ba ruwansa. In tongistin ne ka ɗan gasa shi na 'yan sakanni dattin ya tashi.

Sai ka sa razista (abin da ke rage gudun karent) a layin wutar, ka dinga ƙara boltej a hankali kana rubuta karent. A hankali fa! tartsatsi ɗaya ya isa ya narkar da tsinin da ka kwana biyu kana fiƙewa. Da lambobin nan ka zana ln(I/V²) a kan 1/V (I karent, V boltej), lissafin Fowler da Nordheim ne tun 1928, in layin zanen ya miƙe samɓal to fitar gaskiya ce, in ya lanƙwashe nemi inda wuta ke yoyo ko razistan da ke cinye maka boltej.

Daga nan bar shi a boltej ɗaya na awanni ka ga ko karent zai tsaya.

Ni inda na fi ba muhimmanci shi ne bazuwar ilekturon ɗin. Ana sa faranti mai ƙananan huji kamar rariya a gaban katod, bayansa allon fosfo mai haskawa in ilekturon sun buge shi, ilekturon su bi ta hujin su fito ɗigo-ɗigo kore a allon, ka ɗauka da kyamara. Wurin da ɗigo ya faɗo da faɗinsa su ke gaya maka kusurwar bazuwar, ƙanana masu kaifi su ake so. A na'urar auna kuzarin ilekturon kuma, tongistin mai sanyi yakan ba da tazarar kuzari kusan 0.3 eV (ilekturon-bolt, ma'aunin kuzarin), wanda ake ɗumamawa ya haura 1.5 eV.

Kar dai ka bar hasken ya cika wa kyamara ido, ɗigon zai fito ya fi girmansa, rage lokacin ɗauka ka sake.